Idan kare na tsoron likita: Yadda za a kai shi asibiti ba da kokawa ba

Wata Asabar cikin damina, a layinmu da ke Agege a Legas, na tarar da ƙarti uku suna kokawa da kare ɗaya a bakin ƙofar gidan maƙwabcina. Ɗaya na jan sarƙa, ɗaya na turawa ta baya da sanda, shi kuma maigidan ya buɗe but ɗin mota yana jira. Karen, wani baƙin Alsatiyan da ake kira Duna, ya kafe ƙafafunsa huɗu a ƙasa, ya cusa wutsiya cikin cinyoyinsa, fitsari na zuba. Wannan karen ne fa idan ya yi haushi da tsakar dare duk layin ke farkawa. Bayan kusan rabin awa aka haƙura. Maigidan ya rufe but, ya ce a bar shi sai wani makon. Wani makon nan ya zama wata 14.

Abin da ya sa na ɗauko wannan labari shi ne, allurar da Duna ya rasa ran nan ta rigakafin cutar haukan kare ce, kuma a gidan akwai yara biyar. Yawancinmu da ke zaune a Legas, Ibadan, Fatakwal ko Abuja ba don sha'awa muke ajiye kare ba, don gadi ne. Muna ciyar da shi, muna ɗaure shi da rana mu sake shi da dare. Amma zuwa wurin likitan dabbobi ya zama tashin hankali, saboda haka ana ta ɗagawa har a manta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka ta hanyar cizon kare suke kamuwa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, cutar takan daina yaɗuwa a wurin. Allurar kuwa ba daga nesa take ba, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke nan tun 1924, tana cikin masu haɗa ta. Ashe ke nan tsoron da kare ke ji a ƙofar asibiti ba matsalarsa ba ce shi kaɗai, ta shafi duk wanda ke shiga gidan da kuma yaran maƙwabta.

Me yake tsoro?

Mu ɗan duba abin ta wajen karen. Kare da ya girma a tsakar gida bai taɓa shiga mota ba sai ranar da za a kai shi asibiti. Ana jefa shi a but mai duhu da zafi, ana gwara shi da bango a kowane rami. Ya fito cikin jiri ya tarar da wuri mai warin sinadarin wanke ƙasa da warin wasu karnuka da suka firgita kafinsa, shi kuwa hanci ne idonsa. Tayil na santsi a ƙarƙashin farcensa. Sai a ɗaga shi sama a ɗora kan teburin ƙarfe mai sanyi, baƙo ya danne shi, wani ya tura masa ma'aunin zafi ta dubura, a soka masa allura. Idan duk zuwansa haka yake ƙarewa, ba wauta ya yi ba da ya ƙi shiga motar. Ya koyi darasi ne.

Kuma ba karnukanmu kaɗai ba ne. Wani bincike da aka buga a 2009 kan karnuka 135 a wani asibitin dabbobi a Jamus ya gano cewa fiye da kashi 78 cikin 100 sun nuna alamun tsoro a kan teburin duba su, wasu kuma sai da aka ja su ko aka ɗauke su kafin su shiga ɗakin. Waɗannan fa karnuka ne da ke kwana a falo tare da masu su. Irin wannan ne ya sa likitocin dabbobi a Amurka da Turai suka fara sauya salon aikinsu. Marigayiya Dokta Sophia Yin ta yi suna wajen koyar da riƙe dabba ba tare da firgita ta ba, a 2016 kuma Dokta Marty Becker ya kafa shirin horarwa da ake kira Fear Free. Yawancin abin da suke koyarwa ba ya buƙatar kuɗi, sai dai lokaci.

Abu na farko shi ne mai kare ya iya karanta karensa. Mu dai mun san haushi da cizo, amma kafin a kai nan kare ya daɗe yana magana. Zai yi ta hamma alhali ba barci yake ji ba. Zai riƙa lasar hancinsa. Zai kawar da kai gefe yana kallonka ta wutsiyar ido har farin idon ya fito. Kunnuwa su kwanta baya, wutsiya ta shige ciki, ya yi ta haki ko da babu zafi, jiki na kyarma. Idan ka miƙa masa naman da yake so ya ƙi karɓa, to tsoron ya yi nisa. Wani kuma sai ya sandare, ya tsaya cak kamar gunki. Mutane kan ce ai ya natsu, alhali wannan ne matakin da ke gaban cizo.

Sai gurnani. A nan ne muka fi yin kuskure, domin da kare ya yi gurnani sai a kai masa duka. Gurnani gargaɗi ne, yana cewa a ja baya. Karen da aka dake shi a kan gurnani ba ya daina jin tsoro, gargaɗin kawai yake dainawa, sai wata rana ya kai cizo babu sanarwa. Gara kare mai gurnani sau goma da wanda aka koya wa yin shiru.

Aikin daga gida yake farawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake so karensa ya tsaya wa likita a watan gobe, yau zai fara, kuma minti uku zuwa biyar a rana sun isa.

Na san a gidaje da yawa namu ba kowa ke taɓa kare ba, saboda tsarki ko don rashin sabo. Babu laifi. Amma lallai a samu mutum ɗaya, maigadi ne ko wani saurayi a gidan, wanda shi ke ba shi abinci, shi zai yi wannan horo, kuma shi zai raka shi asibiti. Yana iya sa safar hannu. Abin da bai dace ba shi ne a ce kare ya shekara uku a gida babu hannun da ya taɓa sauka a jikinsa sai na duka, sannan a yi tsammanin zai tsaya wa baƙo ya buɗe masa baki.

Horon kansa sauƙi gare shi. A tanadi 'yan ƙananan yankan nama, kowane kamar girman ƙwayar gyaɗa: dafaffiyar kaza ba ƙashi, ko hanta, ko ƙwai dafaffe. Kada a yi amfani da kilishi ko tsire, domin yajin da ke jiki, musamman albasa da tafarnuwa, na cutar da jinin kare. Cakulan da inabi ma guba ne gare shi, ƙashin kaza dafaffe kuma yakan tsage ya soke hanji. Sai mai horon ya taɓa kafaɗar karen na daƙiƙa ɗaya, ya ɗauke hannu, ya ba shi nama. Taɓawa ce farko, nama ya biyo baya, kada a juya. Idan ya saba da wannan har ya fara ɗago kai yana jiran rabonsa da zarar an taɓa shi, sai a matsa zuwa wuya, a ɗan kama fatar bayan wuyan a ɗaga kamar yadda likita ke yi lokacin allura. Daga nan kunne, a ɗaga a leƙa. Sannan ƙafa, a riƙe tafin. Sannan leɓe, a ɗaga a ga haƙora. Wutsiya ce ƙarshe, domin nan ne karnuka suka fi ƙi.

Duk inda ya janye jiki ko ya ƙi karɓar naman, an yi sauri ke nan. A koma matakin da ya wuce, a ƙara kwana biyu a kai. Wani kare mako guda ya ishe shi, wani sai ya yi wata biyu. Wanda ke da ɗan kwikwiyo ya fi kowa sa'a, domin tsakanin mako 3 zuwa kusan 14 da haihuwa ne kare ya fi saurin sabawa da mutane, sauti da wurare. Abin da ya gani ya ji daɗinsa a wannan lokaci, da wuya ya ji tsoronsa idan ya girma. Kuma lokacin ya yi daidai da allurarsa ta farko, wadda akan fara daga mako 6 zuwa 8, ta haukan kare kuma idan ya kai wata 3.

Takunkumi

Ga babban kare irin Alsatiyan, Rotwaila ko Bowabul, ina ganin babu abin da ya kai koya masa sa takunkumi muhimmanci. Mutane na ganin takunkumi kamar hukunci ne, amma idan yana bakin kare kowa a ɗakin yakan saki jiki, ba sai mutum huɗu sun danne shi ba, aikin kuma ya ƙare da wuri.

A nemi irin mai kama da kwando, na roba ko na waya, wanda kare zai iya buɗe baki a ciki ya yi haki, ya sha ruwa, har a zura masa nama ta ramukan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Ɗaure masa baki da igiya ko tsumma, ko takunkumin yadi da ke matse baki, na 'yan mintoci ne kawai a hannun likita. Wanda ya ɗaure bakin kare tun daga gida ya shiga cunkoson Legas da shi da tsakar rana, yana iya isa da gawa.

Kada a fara sa masa ranar tafiya. A sa nama a can cikin kwandon, a riƙe a hannu, a bar shi ya cusa bakinsa da kansa ya ɗauka ya fitar. Kada a bi shi da shi, shi zai zo. Bayan kwana uku ko huɗu ana haka, sai a riƙa zagaya maɗaurin ta bayan kunnuwansa ba tare da an ɗaure ba. Daga baya a ɗaure na daƙiƙa biyar ana zura masa nama, a kwance. A yi ta ƙara lokacin har ya iya yawo a tsakar gida da shi na minti goma. Karen da aka koya wa haka yana ganin takunkumi yake kaɗa wutsiya.

Mota ma haka. Rana ta farko ya ci abincinsa kusa da ita. Gobe a cikinta, ƙofa a buɗe, inji a kashe. Sannan a tayar da inji. Sannan a zagaya layi a dawo gida. But ɗin da ke rufe ruf ba wurin kare ba ne. A shimfiɗa tsohon buhu ko tabarma a kujerar baya, ko a sa shi a keji. Wanda ba shi da mota ya yi shatar Keke Napep, ya gaya wa direban tun farko abin da zai ɗauka. Idan karen na amai ko dalalar da miyau a mota, a gaya wa likita, akwai maganin da ake bayarwa kafin tafiya.

Akwai kuma wata dabara da kan ba mutane dariya idan aka faɗa: a kai kare asibiti ba don komai ba. A je lokacin da babu jama'a, ya shaƙi warin wurin, ya hau sikeli, ya ci nama, a juyo gida. Zuwa biyu ko uku irin wannan na rage masa zaton cewa duk wanda ya shiga ƙofar nan sai an soke shi. Ana neman izinin ma'aikatan tukuna. Ɗan kwikwiyon da bai gama allurarsa ba kuwa a riƙe shi a hannu, kada a sauke shi ƙasa inda marasa lafiya suka taka.

Ranar zuwa

A nemi lokacin safe, kafin rana ta yi zafi kuma kafin layi ya taru. A rage masa abincin safe, ko a hana shi idan lafiyarsa ƙalau, don naman da za a riƙe ya yi masa daraja. Idan kuma an ce za a sa shi barci don wani aiki, sai a bi umarnin likita game da abinci, kada a ba shi komai. A bar shi ya zaga ya yi fitsari da kashi kafin a tashi. A duba abin wuyansa, kada ya zama mai saɓulewa idan ya ja da baya, domin kare a firgice a bakin titi ba ya sanin mai shi. A tafi da buhun da yake kwana a kai, warin gida na kwantar masa da hankali kuma yana hana shi zamewa.

Idan an isa, ba dole ba ne a shiga ɗakin jira inda karnuka ke hararar juna. Mutum ɗaya ya shiga ya yi rajista, ɗaya ya tsaya da karen a inuwa har a kira su. Kada a bar shi shi kaɗai a rufaffiyar mota ko na minti biyar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan karen ya taɓa cizon wani, ko ya taɓa kai wa likita hari, a faɗa tun kafin a taɓa shi. Wasu na ɓoyewa don kunya, ma'aikaci ya ƙare da ɗinki a hannu. Mai kare yana da damar roƙon a duba karensa a ƙasa maimakon kan tebur, ko a waje ƙarƙashin bishiya. Yana da damar roƙon a fara da abu mafi muhimmanci, a bar yankan farce da wankin kunne sai wani zuwan. Shi kuma ya tsaya ta wajen kan karen, ya sassauta igiyar, ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana zura nama ɗaya bayan ɗaya yayin da ake allurar. Tsawa da jan sarƙa ƙara wutar suke yi. Ana yawan cewa lallashin kare mai tsoro na ƙara masa tsoro, wannan ba haka ba ne. Kuma idan abin ya rikice, karen ya fara fitsari yana neman hanyar gudu, in dai ba ciwon gaggawa ya kawo ku ba, gara a tsaya a sake shiri da a danne shi da ƙarfi. Duk dannewa ɗaya na sa zuwa na gaba ya fi wuya.

Maganin kwantar da hankali

Akwai karnukan da horo kaɗai ba ya isarsu, musamman manya da suka daɗe da tsoron. Likitoci na da magungunan da ake ba kare a gida kamar awa biyu kafin tafiya, irin su tirazodon da gabafentin, kuma akan gwada su wata rana daban don a ga yadda jikinsa zai karɓa. Likita ne zai auna gwargwadon nauyin karen, shekarunsa da lafiyar hantarsa da ƙodarsa. Akwai wani tsohon magani, asefuromazin, da ke kashe wa kare jiki amma ba ya cire tsoron, shi ya sa masana ɗabi'ar dabbobi da yawa ba sa son a ba da shi shi kaɗai don wannan matsala. Idan karen ba ya taɓuwa sam, likita na iya yi masa allurar barci ya yi duk aikin a lokaci guda, wannan ya fi kokawa aminci ga kowa.

Abin da ba a yi shi ne zuwa kemis a sayo Valium ko Tramol ko maganin mura a tura wa kare a cikin nama. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibufurofen, na huda cikin kare su lalata ƙodarsa.

Wasu sukan zaɓi a kira likita gida. Ga kare mai tsoron mota wannan mafita ce, amma karen gadi yakan fi zafi a cikin gidansa, don haka wani lokaci a ƙofar gida ta waje ya fi. A tabbatar mai zuwan likita ne na gaskiya mai rajista da Hukumar Kula da Likitocin Dabbobi ta Najeriya, allurar ta zo cikin sanyi, kuma ya ba da katin shaida mai kwanan wata da sa hannu. Allurar da ta sha rana a aljihun jaka ruwa ce kawai. Asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi da na koyarwa a jami'o'i irin na Ibadan, Abeokuta, Nsukka da Zariya suna karɓar karnuka, a wurare da dama kuma akan yi allurar kyauta ko da rangwame a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya.

Wani abu da dole a bambance: duk bayanin nan na karen da aka san shi da tsoro ne. Idan kare mai sauƙin kai ya wayi gari ba ya son a taɓa shi, a fara zargin ciwo, na kunne, na haƙori ko na gaɓoɓi. Idan kuma karen da ba a yi wa rigakafi ba ya sauya hali farat ɗaya, yana cizon duk abin da ya gani, miyau na zuba, muryarsa ta sauya, ko muƙamuƙinsa ya saki, kada kowa ya sa hannu a bakinsa da sunan neman ƙashi. A kulle shi, a kira likitan dabbobi. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti ran nan don a fara masa allura, kada ya jira ya ga yadda karen zai ƙare. Shi karen akan killace shi kwana 10 ana lura da shi.

Shi kuwa Duna, ƙanen matar gidan ne, wani ɗalibi, ya ɗauki nauyinsa. Ya yi mako shida yana bin sa da hantar kaza a leda. Sun je asibiti sau biyu ba a yi masa komai ba. A zuwa na uku likita ta tsuguna a farfajiya ta yi masa allurar yana tsaye da takunkumi, kansa cikin hannun yaron. Ya yi kyarma, kuma har yanzu ba ya yarda a taɓa masa wutsiya, don haka ba a auna zafinsa ba ran nan. Katin yana manne a bayan ƙofar ɗakin maigadi, an zagaye watan da za a koma da jan biro.